Ummusalma Mai Juya Fuska Ga Bango

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, kafin masu shara su gama da baranda, Hajiya Ummusalma Dauda ta riga ta iso ƙaramar jami'ar nan tamu da ke Kaura Namoda, jaka a hammata, filas ɗin kunun tsamiya a hannu. Ofishinta ne na ƙarshe a jerin, ɗan ɗaki mai taga ɗaya. Takan buɗe da bisimilla, ta duba ko batirin sola ya kwana da rai, ta goge kwamfutoci huɗu da tsumma. Sannan ta zauna ta buɗe jerin shige da fice na imel ɗin jami'a, ta bi shi layi bayan layi.

Ba wasiƙun mutane take karantawa ba. Wannan ba ta taɓa yi ba. Abin da take dubawa shi ne akwatin wa aka buɗe, da ƙarfe nawa, kuma da wace na'ura. Takan ce haka mahaifinta yake yi wa gonar gero a Badarawa: da sassafe ya zaga gefe-gefe yana duba sawu, ya san na akuya, ya san na maƙwabci, ya san na wanda ya shigo da sanɗa.

Shekara talatin da biyar ke nan da ta fara aikin gwamnati a matsayin mai buga takardu da tafireta. Da kwamfuta ta zo, abokan aikinta da yawa suka ja da baya, ita kuwa ta ja kujera ta matso. Da jami'a ta buɗe wa kowane malami da ɗalibi imel, aka nemi wanda zai riƙa kula da shi, sai manyan masu digiri suka ga aikin ya yi musu kaɗan. Aka miƙa wa Ummusalma. A watan jiya ta yi ritaya, kuma na ga bai kamata ta koma gida shiru ba, kamar wadda ta zo cin kasuwa ta watse.

Duk wanda ya taɓa shiga ofishinta ya san ta da ɗabi'a guda. Idan lokacin rubuta kalmar sirri ya yi, sai ta tura maka madannai, ta juya kujerarta, ta fuskanci bango. Ba za ta waiwayo ba sai ka ce ka gama. Bangon ma ba wani abin kallo gare shi ba, tsohuwar kalanda ce kawai da ƙusa.

Mutanenmu kuwa wannan abu ya daɗe yana ba su haushi. Mu nan idan ka yarda da mutum, amana kake ba shi, kuma ƙin karɓar amana kusan zagi ne. Dattijon malami zai zo da 'yar takarda a naɗe, ya ce, "Hajiya, ga faswad ɗina, ki aje mani, ni mantuwa gare ni." Sai ta maida hannunta baya.

"Malam, in na riƙe taka, in riƙe ta wancan, ran da anka kama ni an kama jami'a duka. Ka riƙe abinka. In ka mance, taho mu yi sabuwa, ba ni gajiya."

Kuma ba ta gajiyar. Akwai farfesan da ya manta tasa sau tara a zango ɗaya, ba zan faɗi sunansa ba don yana karanta abin da nake rubutawa. Sau tara ta kalli kalandar nan saboda shi.

Sababbin ɗalibai kuma da nasu salon suke zuwa. Yawancinsu mai shagon intanet ne ya cika musu takardun neman shiga, shi ya buɗe musu imel, ya sa wa mutum hamsin kalmar sirri iri ɗaya, galibi lambar wayarsa. Ummusalma ba ta barin ɗalibi ya fita sai ya canza. Ta hana sunan gari da shekarar haihuwa, domin rabin jami'ar nan da za a bar su, sunan ƙauyensu za su sa. Ta koya musu cewa jami'a ba ta aiko wa kowa saƙo ta ce ya turo kalmar sirrinsa, ko da saƙon ya zo da tambari da alkawarin tallafin karatu. Ta koya musu su fita daga akwatinsu kafin su tashi daga kwamfutar da ba tasu ba. Ɗalibai suna kiran ta Inna Ummu, suna kwaikwayon muryarta a bayan idonta, amma suna yin abin da ta ce.

Inna Ummu, ke ce wadda ake zuwa wurinta da kunya a fita da sauƙin zuciya. Wanda ya danna abin da bai kamata ba, ya zo yana inda-inda, ba ki taɓa ce masa "ai na faɗa maka" ba. Sai dai ki ce, "Madalla da ka zo da wuri, zauna."

Duk wannan ƙananan abubuwa ne. Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne da damina, shekara huɗu da suka wuce, kuma sai a watan jiya yawancinmu muka san gaskiyarsa.

A shekarar, ɗalibai arba'in da ɗaya na sashen ilimi za su tafi koyarwar gwaji a makarantun firamare na karkara: wasu Sakajiki, wasu Kurya Madaro, wasu Badarawa, wasu can wajen Zurmi. Wanda ya san hanyoyin nan ya san ba a shelar ranar tafiya. Mota cike da ɗaliban jami'a a hanyar daji abin nema ce ga 'yan bindiga, kuma suna da masu kai musu labari. Don haka aka tsara cewa rana da sa'a da hanyar da bas zai bi ba za su fita daga imel na mutum uku ba. Ɗalibai su shirya kaya kawai, sai ana gobe za a gaya musu. Mai kula da tafiyar shi ne Dakta Misbahu Alamin, mutum mai ƙwazo da tsare gida, wanda shi ne ma ya kawo wannan doka.

Ranar wata Juma'a, da ƙarfe ɗaya da rabi, Dakta Misbahu ya leƙo ofishin Ummusalma da darduma a kafaɗa. Ofishinta kaɗai ke da sola, don haka kowa nan yake kawo caji. Ya ajiye wayarsa da kwamfutarsa ta hannu a kan teburinta, ya wuce masallaci.

Ƙarfe biyu da minti goma, tana jin huɗuba daga lasifika can nesa, ta ga sabon layi ya fito a jerin: an buɗe akwatin Dakta Misbahu da wata baƙuwar na'ura. Ta dubi allo, ta dubi teburinta. Ga wayarsa, ga kwamfutarsa a rufe, shi kuma yana sahu. Ta koma baya cikin jerin, ta ga baƙuwar na'urar nan ta shiga sau shida cikin mako uku. Ta kuma ga an saita akwatin yadda duk wasiƙar da ta shigo, kwafinta zai wuce zuwa wani adireshi da ba na jami'a ba.

Ba ta san ranar tafiyar ba, ba ta cikin mutum ukun, amma ta san a akwatin wa ranar take. Ƙa'ida ita ce ƙaramar ma'aikaciya ba ta rufe akwatin babban malami sai da izini a rubuce, masu ba da izinin kuwa duk suna masallaci. Ta rufe shi.

Da aka sauko, Dakta ya zo ɗaukar wayarsa, ya ga saƙon rufewa, fuskarsa ta canza.

"Hajiya, mi na ka gani haka? Wa ya ba ki izini?"

Ta tashi ta tura ƙofa. A gaban mutane Dakta take ce masa. Amma ita ce ta buga masa kundin kammala karatunsa da tafireta tun yana saurayi mai wando ɗaya, kuma idan ƙofa ta rufu ba ta manta hakan.

"Misbahu, zauna. Wa ka ba faswad ɗinka?"

"Ni? Ba kowa."

"Yi tunani. Sati ukku da sunka wuce, ina kake?"

Can ya zauna a hankali. Ya tuna ya je Shinkafi ganin shugabannin makarantu, ya buƙaci buga wasiƙu, ya shiga wani shago kusa da tasha. Ya manta tabarau a mota, ga sauri, sai ya karanta wa mai shagon kalmar da baki, harafi bayan harafi.

"Amma Yaya Ummu, mai shagon nan mutumin kirki ne. Na san gidansu."

"Ban ce shi ne ba. Mutum nawa ka zaune bisa benci sa'ad da kake karantawa?"

Bai san adadinsu ba. Ta buɗe masa akwatin, ta tura masa madannai ya sa sabuwar kalma, ta juya ta fuskanci bango.

"Duba da kanka, ni ba ni kallo. Takardar tahiyar yara tana ciki?"

Ta daɗe tana kallon kalanda kafin ta ji muryarsa, ƙasa-ƙasa.

"Tana ciki. An tura ta. Talata ce, ƙarhe bakwai, da hanyar da komi."

Mutum ne shi, don haka abin da ya fara zuwa bakinsa shi ne neman mafita. Wataƙila masu damfara ne kawai, irin masu neman lambar banki. Wataƙila ba wanda ya karanta. An riga an shirya rakiya, an gaya wa shugabannin makarantu su tanadi masauki. Idan ya ce a ɗaga, sai ya faɗi dalili, kuma dalilin shi ne mai dokar ya karya dokarsa a shagon tasha.

"Wataƙila hakan ne," in ji ta. "Wataƙila ɓarawon banki ne. To, a cikin arba'in da ɗayan nan, wa za ka sa gaban mota a kan wataƙila? Asta?"

Asta ɗiyar makiyaya ce daga wata ruga a ƙasar Zurmi, ita ce ta farko a danginsu da ta taka jami'a. Dakta da kansa ya je har rugar ya roƙi mahaifinta ya bar ta, ya ce masa ya ɗauki amanarta. Ummusalma ta san wannan sarai, shi ya sa ta zaɓi sunan. Ba ta da mugunta, amma ta san inda ake taɓa mutum.

Dakta ya rufe fuska da tafin hannu. Ta ga ba zai iya tashi ba, aƙalla ba a ranar ba, kuma lokaci ba ya jira. Ta ɗauki mayafinta.

"Zauna nan ka tsare mani ofis. Ni za ni."

Ta sami shugaban tsangaya yana shirin shiga mota. Ta gaya masa an shiga ɗaya daga cikin akwatuna ukun, takardar tafiya ta fita, dole a canza rana da hanya. Ya tambaye ta akwatin wa. Ta ce ba za ta faɗa ba. Ya sake tambaya, wannan karon da murya sama, har direbansa ya kau da kai.

"Ranka ya daɗe, ran da na hwaɗi sunan mutum guda, ba wanda zai ƙara zuwa ya ce mani ya yi kuskure. Kowa ɓoyewa zai yi, sai abu ya lalace mu ji. Tsaron imel aikin ofishina ne. In laihi kake nema, rubuta nawa."

Ya kuwa rubuta. Aka ba ta takardar tuhuma kan rufe akwati ba da izini ba da kuma ƙin amsa tambayar shugaba, aka sa gargaɗi a fayil ɗinta. Gargaɗin nan ne ya tsaya mata a ƙarin girma na ƙarshe da take sa rai kafin ritaya. Amma an ɗaga tafiyar. Bayan kwana goma aka kai ɗaliban kaɗan-kaɗan, uku nan, huɗu can, cikin motocin haya a ranakun kasuwa, ba bas, ba tambarin jami'a.

To, ranar Talatar fa? Na san abin da mai karatu yake jira. Yana jira in ce an tare hanyar da ƙarfe bakwai, an ga mutane a kan babura suna jiran bas ɗin da bai zo ba. Ba zan faɗa ba, domin ban sani ba. Motoci sun bi hanyar a ranar sun wuce lafiya. Ko akwai wanda ya laɓe a cikin dawa ya gaji ya tashi, ko babu kowa, Allah kaɗai ya sani. Har yau ba a gano mai adireshin nan ba.

Wannan rashin sanin shi ya jawo mata magana. Ɗalibai suka yi gunaguni don an ci musu kwana goma na hutu. Malamai suka ce tsohuwar mai tafireta ta ga inuwa ta tada gari. Wani ya laƙaba mata Hajiya Fargaba, sunan ya bi ta kusan shekara. Ni ma na yi dariya da aka faɗa a ɗakin malamai, kuma ina jin kunyar hakan yanzu. Ita kuwa kullum ƙarfe bakwai da rabi tana kan kujerarta tana duba sawu.

Na daɗe ina tunanin irin wannan aiki. Wanda ya kashe gobara kowa ya ga hayaƙi, kowa ya gan shi da bokiti. Amma wanda ya hana ta tashi, me zai nuna? Ladan aikin Ummusalma a duniya shi ne ranakun da ba abin da ya faru, kuma ba a ba mutum lambar yabo don Talata ta wuce lafiya.

Dakta Misbahu ya sha zuwa ofishinta a shekarun nan yana cewa zai je ya faɗi gaskiya. Takan ce masa, "Wannan tsakaninka da zuciyarka ne, ni ba ni tura ka, ba ni hana ka." Sai ya fita, ya kai ƙofar shugaba, ya wuce. Amma tun daga lokacin, duk shekara shi yake fara kawo ɗalibansa layi a ƙofarta, kuma ba a sake jin ya karanta wa kowa komai da baki ba.

A watan jiya aka yi mata 'yar walimar ban kwana a ɗakin taro. Lemo da cincin, da turmin atamfa, da jawabai irin na kullum, an ce tana da haƙuri, an ce tana zuwa aiki da wuri. Ana shirin addu'a sai Dakta Misbahu ya miƙe, ba ya cikin jerin masu magana.

"Jama'a, ku yi mani haƙuri. Akwatin da anka shiga shekara huɗu da sunka wuce nawa ne. Ni na ba da faswad ɗina da bakina cikin shago. Takardar da ke cikin fayil ɗin Hajiya tawa ce, sunanta kawai ke bisa. Ta rasa girma saboda ni, kuma ko sau ɗaya ba ta kalle ni da shi ba. Na rubuta wa hukuma yau da sahe. Na makara, na sani."

Waɗanda suka yi ta kiran ta Hajiya Fargaba suka shiga kallon takalmansu. Ummusalma ta gyara mayafi, ta ce, "Madalla da ka zo, Misbahu. Zauna."

A kujerun baya akwai wata matashiya da jariri a goye. Asta ce, yanzu malama ce a firamaren Sakajiki, ta biyo motar kasuwa don ta halarta. Sai a ranar ta ji daga bakin Dakta cewa da sunanta aka ɗaga tafiyar. Ta ce ita ma tana cikin masu gunaguni a lokacin. Ta zo ta durƙusa gaban Ummusalma, ta ce, "Inna," ta riƙe hannunta.

Abu na ƙarshe shi ne miƙa aiki. Aka kawo kwamfuta gaban jama'a domin Malama Rashida, wadda za ta gaje ta, ta sa sabuwar kalmar sirri ta babban akwatin da ke kula da na kowa. Ummusalma ta tura mata madannai, ta juya kujera ta fuskanci bango, kamar kullum. Sai Dakta Misbahu ya tashi, shi ma ya juya. Asta ta juya da goyonta. Farfesan nan mai mantuwa ya juya. Kafin Rashida ta ɗora yatsa, ɗakin gaba ɗaya, har da shugaban tsangaya, ya ba ta baya. Ba a ji komai ba sai ƙarar madannai.

Hajiya Ummusalma, 'yar manomin Badarawa, mai duba sawu tun da safe, mun gode. Ke ce kika ƙi karɓar amanar da aka miƙo miki a takarda, kika riƙe wadda ta fi ta nauyi shekara huɗu ba wanda ya ji. Ke ce kika yarda a yi miki dariya maimakon mota ta tafi da 'ya'yan mutane bisa wataƙila. Allah Ya saka miki da alheri, Ya sa hutun ya zama mai albarka, Ya kare ki yadda kika kare waɗanda ba su san an kare su ba.

Mu kuma da muka rage, ba sai mun jira walima ba. Wanda ya ba wani kalmar sirrinsa ya je ya canza ta yau. Wanda ya yi kuskure ya faɗa da wuri, wanda aka faɗa wa kuma ya ce masa ya zauna. Malama Rashida ta bar tsohuwar kalandar nan a inda take, kuma an ce ta fara koyon kallon ta.

Ɗalibai arba'in da ɗaya suka tafi a shekarar. Arba'in da ɗaya suka dawo.